Hilux, L200, Ranger ko D-Max: Abin da ya kamata mai sayen a-kori-kura ya sani kafin ya biya kuɗi

Matsakaiciyar a-kori-kura ita ce motar kaya mai buɗaɗɗen baya wadda aka ƙera domin ɗaukar nauyin kimanin tan ɗaya. Ta fi ƙananan motoci irin su Daihatsu Hijet girma da ƙarfi, amma ba ta kai manyan na Amurka irin su Ford F-150 da Toyota Tundra ba. A wannan rukuni ne ake samun Toyota Hilux, da Mitsubishi L200, da Ford Ranger, da Isuzu D-Max, da Nissan Navara, sai kuma sababbin shigowa irin su JAC da GWM na China, da Peugeot Landtrek, da waɗanda kamfanin Innoson ke haɗawa a Nnewi.

A Arewacin Najeriya wannan aiki a da na Peugeot 404 ne da 504, waɗanda suka cika hanyoyin kasuwannin ƙauye, musamman bayan buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna a 1975. Yau Hilux ce ta gaje su, har sunanta ya kusa zama sunan kowace a-kori-kura. Sai dai tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin darajar Naira a watan Yunin da ya biyo baya, kuskure wajen sayen irin wannan mota na iya cinye jarin mutum gaba ɗaya. Kuma yawancin kurakuran ba daga sunan motar suke tasowa ba. Suna tasowa ne daga kayan da za a ɗora mata, da man da za ta sha, da bakaniken da zai gyara ta, da kuma ainihin shekarunta.

Nauyin da za ta ɗauka

Tan ɗayan da kamfanoni ke rubutawa ya haɗa da direba da fasinjoji da duk wani ƙarfe da aka ƙara wa motar. Idan mutum biyar suka shiga mai ƙofa huɗu, kowanne na da nauyin kilo 70, an riga an cinye kilo 350. Abin da ya rage bai wuce buhun siminti 13 ba, ko buhun masara shida mai kilo 100. Wanda ya ɗora buhu 15 na masara a kan irin wannan mota ya ƙetare iyaka nesa ba kusa ba, kuma sifirin da birki da tayoyi ne za su biya bashin.

Girman bayan ma ya bambanta. Na mai ƙofa huɗu tsawonsa kimanin mita 1.5 ne, na mai ƙofa biyu kuwa yana kai wa mita 2.3. Manomi ko ɗan kwangilar da kaya ne sana'arsa zai fi cin riba da mai ƙofa biyu, wadda ta fi arha kuma ta fi ɗauka. Amma mai ƙofa huɗu ce ta fi farin jini a kasuwa, saboda ta fi kama da motar manya.

Fetur ko dizal

Wannan ita ce tambaya mafi nauyi, kuma a nan ne shawarar da ake kwasowa daga shafukan Turai da Ostireliya ke ɓatar da mai saye. A can injin dizal ne sarki, domin ya fi jan kaya kuma ya fi tsimin mai. Hakan gaskiya ne a ko'ina. Abin da ya bambanta shi ne ingancin man da injin zai sha.

Injinan dizal na zamani, kamar 2.4 da 2.8 na Hilux, ko 1.9 da 3.0 na D-Max, suna fesa mai ne da matsin lamba mai tsananin ƙarfi ta cikin nozul masu ƙananan ƙofofi. Ruwa kaɗan ko ƙura ko gaurayen kananzir na iya lalata nozul da famfon mai, kuma gyaran su na daga cikin mafi tsada a motar. Waɗanda aka ƙera domin Turai kuma suna ɗauke da matatar toka a cikin salansa, wasu har da tankin ruwan AdBlue. Wannan matata tana son dizal mai ƙarancin sinadarin sulfur. Lokacin da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fitar da rahotonta kan ƙazamin man da ake kawowa Afirka a 2016, ƙa'idar Najeriya ta yarda da sulfur har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali ta Turai 10 ce. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da saukar da shi zuwa 50, kuma matatar Dangote ta fara fitar da dizal a 2024. Duk da haka, ƙa'ida a takarda ba ta tabbatar da abin da ke cikin jarkar ɗan bumburutu a garin da ba shi da gidan mai. Matatar tokar kan toshe kuma idan motar ba ta yin doguwar tafiya, sai zirga-zirgar cikin gari.

Wannan ne ya sa Hilux mai injin fetur 2.7 ta yi katutu a Najeriya. Tana shan mai fiye da ta dizal, kuma idan an yi mata lodi takan yi nauyin jiki a hawa. Amma injinta mai sauƙi ne, kaca yake amfani da ita a maimakon bel, kusan kowane bakanike ya san cikinsa, kuma ya fi sauƙin juyawa zuwa iskar gas ta CNG, ko da yake tukunyar gas ɗin za ta cinye wani ɓangare na wurin kaya. Akwai kuma tsohon injin dizal 3.0 mai suna 5L, wanda ba shi da turbo. Ba shi da gudu, amma ya fi na zamani jure man da ba shi da tsabta.

A taƙaice, dizal na zamani ya dace da mai doguwar tafiya da kaya masu nauyi wanda ke da amintaccen gidan mai, kuma ba ya wasa da canjin filta. Wanda ba shi da waɗannan, fetur ya fi masa kwanciyar hankali.

Motocin ɗaya bayan ɗaya

Toyota ta fara ƙera Hilux a 1968, kuma samfurin da ya fi yawa a hannun hukumomi da kamfanoni yanzu shi ne wanda ya fito a 2015. Ana ƙera ta a Tailan da Afirka ta Kudu da Ajantina, kuma tun 2021 ana haɗa ta a Tema da ke Ghana. Ƙarfinta a kasuwar Najeriya ba a inji kaɗai yake ba. Kayan gyaranta na nan a Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Apo a Abuja, da Ladipo a Legas, sabo da na hannu. Ba ta faɗuwa a farashi da sauri. Illarta ita ce wannan farin jinin: ana biyan kuɗin suna, jabun kayan gyaranta sun yi yawa, kuma ita ce ɓarayin mota suka fi nema. Idan babu kaya a bayanta tana da tsalle a hanya mai gargada.

Kada a ɗauki Toyota Tacoma a matsayin Hilux ta Amurka. Mota ce daban, wadda aka fara ƙerawa a 1995 domin kasuwar Arewacin Amurka, ta fi taushin tafiya, kuma yawanci ba ta kai Hilux ɗaukar nauyi ba. Kayan ƙafarta da na jikinta ba duka ne ke shiga na Hilux ba. A 2016 Toyota ta amince da sulhun kimanin dala biliyan 3.4 kan tsatsar casis, wato ƙarfen da gangar mota ke zaune a kai, wanda ya shafi Tacoma ta 2005 zuwa 2010. Duk mai son sayen ta waɗannan shekaru, musamman wadda ta fito daga jihohin da ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, sai ya sa an ɗaga ta an duba ƙasanta da kyau.

Mitsubishi L200, wadda ake kira Triton a wasu ƙasashe, ita ce ta fi kusa da Hilux a wajen sanin makanikai, kuma yawanci ta fi arha. Ta fi sirantaka, ta fi sauƙin juyawa a lungu. Manyan samfuranta na da tsarin Super Select, wanda ke ba da damar ja da ƙafa huɗu ko a kan kwalta. Ranar sayarwa ce kawai mai ita zai ji bambanci.

Ford Ranger ta fi yawancinsu daɗin tuƙi da kayan zamani. Ana ƙera ta a Silverton kusa da Pretoria, kuma a 2015 Ford da kamfanin Coscharis suka fara haɗa ta a Ikeja. Tsofaffin injinanta na dizal su ne 2.2 da 3.2. Injin 2.0 da ya biyo bayansu yana da bel da ke gudana cikin baƙin mai, wanda ke lalacewa idan aka zuba man da bai dace ba ko aka jinkirta juye. Mota ce da ke buƙatar bakanike mai na'urar bincike ta kwamfuta. A Legas ko Abuja wannan ba matsala ba ce. A ƙaramar hukumar da ke nesa da babban birni, matsala ce babba.

Isuzu kamfanin manyan motoci ne tun asali, kuma injin 3.0 na D-Max ya yi suna wajen juriya. Abin tambaya shi ne kayan gyara, domin ba ta yawaita a Arewa kamar Hilux ba. Nissan Navara ta zamani, a samfurin ƙofa huɗu, tana da sifirin mai murɗi a baya a maimakon na falle-falle, abin da ya sa ta fi taushi ga fasinja. Amma a bambanta ta da tsohuwar NP300 Hardbody, wadda ta samu sifiri a gwajin kare manyan fasinjoji da Global NCAP ta yi a 2018, duk da cewa tana da jakar iska biyu.

Na China da waɗanda ake haɗawa a gida suna jan hankali ne da farashi da garanti, ga shi mutum zai samu sabuwa dal da kuɗin da wani lokaci bai kai na Hilux ta hannu ba. Peugeot Landtrek da Changan Hunter tushensu ɗaya ne. Kafin a saya, a tambayi dillali a rubuce inda cibiyar gyaransa mafi kusa take, da abin da garantin ya ƙunsa. Ya fi kyau ma a je kasuwar safaya a nemi fitilar gaba da kuloci da famfon ruwa na motar, a ji farashi da kwanakin jira.

Ƙafa huɗu ko ƙafa biyu

Ba kowace a-kori-kura mai tsayi ce ke ja da ƙafa huɗu ba. Akwai masu ja da ƙafar baya kaɗai waɗanda aka ɗaga, kamanninsu ɗaya da sauran. Wanda aikinsa ke kai shi fadama da damina, ko rairayin arewacin Yobe da Borno, yana buƙatar ƙafa huɗu da giyar ƙarfi mai alamar 4L. Wanda ke kan kwalta kullum zai biya ƙarin kuɗin saye da na mai da na gyara ne kawai. A yawancin waɗannan motoci ba a barin 4H a kan busasshiyar kwalta, domin yana cin kayan giya.

Ainihin motar da ke gabanka

Akwai sana'a guda a Najeriya ta sauya wa tsohuwar Hilux fuska. Ana canza fitilu da bamba da ragar gaba, wani lokaci har da allon gaban direba, sai motar 2016 ta koma kamar ta 2022. Yin hakan ba laifi ba ne idan an faɗa wa mai saye. Laifin shi ne a sayar da ita a farashin sabuwa. Abin da ba ya canzawa da sauƙi shi ne lambar casis mai haruffa da lambobi 17. A gwada ta jikin ƙarfen da ta ƙofar direba da ta takardun kwastan, a tabbatar ɗaya ce. Farkonta na nuna inda aka ƙera motar: MR0 Tailan ce, AHT Afirka ta Kudu, 8AJ Ajantina. A motocin da aka yi domin Amurka, harafi na goma na nuna shekarar samfurin, kuma da wannan lamba ana iya duba ko motar ta taɓa yin mummunan haɗari ko ambaliya ta shanye ta kafin a yi gwanjonta.

Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 1972, don haka sitiyarin motocinta a hagu yake. Tailan da Afirka ta Kudu da Ingila kuwa nasu na gida a dama yake, kuma akan shigo da irin waɗannan a juya sitiyarin. Aikin na taɓa birki da wayoyi da jakar iska. Alamominsa sun haɗa da walda a bangon da ke tsakanin inji da ɗakin direba, da shafar gilashi da ke kwanciya ta gefen da bai dace ba, da allon gaba da bai zauna daidai ba.

Batun kwastan ma na iya raba mutum da motarsa a kan hanya. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma a 2022 Hukumar Kwastan ta fara ƙiyasta haraji ta hanyar lambar casis. Kada a amince da kwafin takarda daga hannun dillali. A kai lambar ofishin kwastan a tabbatar an biya harajin, kuma na wannan motar aka biya. Idan tsohuwar motar hukuma ce ko ta wata ƙungiya, a nemi takardar gwanjo ta asali.

Agogon kilomita ana iya mayar da shi baya, don haka a dubi cinyewar takalmin birki da na kuloci, da kujerar direba, da ƙasan wurin kaya. A zo da bakaniken da ba dillalin ne ya kawo shi ba. A nemi tayar da injin da safe tun yana da sanyi, domin a lokacin ne hayaƙi da ƙarar nozul ke bayyana. Sannan a gwada ta a kan kwalta da kan burji, a saka 4H da 4L a ji sun shiga sun kuma fita, idan da hali ma a ɗora mata buhuna a hau tudu da ita.