Lokacin da Aka Wanke Rock and Roll Aka Shafa Masa Hoda

A shekarar 1955, wani baƙar fata ɗan Amurka, Little Richard, ya fitar da waƙar "Tutti Frutti" cike da ihu da dukan fiyano. Ba a daɗe ba sai Pat Boone, farin saurayi mai fararen takalma, ya sake rera ta a sanyaye, kuma tasa ta fi ta mai ita hawa a jadawalin Billboard. Masu kamfanonin faifai suka ɗauki darasi: iyaye fararen fata ba kiɗan suke ƙi ba, masu yin sa suke tsoro.

Sai kuma ƙaddara ta share musu fage. A 1957 Little Richard ya ajiye kiɗan ya koma wa'azi. A watan Maris na 1958 aka ɗauki Elvis Presley aikin soja. Ranar 3 ga Fabrairun 1959 Buddy Holly ya mutu a hatsarin jirgin sama, kuma a ƙarshen shekarar aka kama Chuck Berry.

Wa zai cike gurbin? Amsar ta fito daga birnin Filadelfiya, inda Dick Clark ke gabatar da shirin talabijin na American Bandstand, wanda ya fara karaɗe ƙasar a watan Agustan 1957. Can aka ɗaga samari kyawawa masu taje-tajen gashi, irin su Frankie Avalon da Bobby Rydell da Fabian, wanda fuskarsa ce ta sa aka ɗauke shi kafin a ji muryarsa. Goge da 'yan amshi suka danne ganga da jita, kuma waƙar "Venus" ta Avalon ta hau matsayi na ɗaya a 1959.

Ba duka ne hotiho ba. Paul Anka, ɗan Kanada, shi ya rubuta "Diana" da kansa yana ɗan shekara goma sha biyar.

Mu ma'aikatan rediyo, ga inda labarin ya shafe mu. Da majalisar dokokin Amurka ta binciki cin hancin sanya waƙa, Alan Freed, wanda ya dage wajen sanya faifan baƙaƙen fata na asali, ya rasa aikinsa a 1959, ya mutu a 1965 cikin talauci. Shi kuwa Clark ya sayar da hannun jarinsa na kamfanonin kiɗa, ya tsira da shirinsa.

Zuwan Beatles a Fabrairun 1964 ya tashi kasuwar waɗannan samari. Amma tambayar tana nan: waƙar da mai sauraro ke so, shi ya zaɓe ta, ko zaɓa masa aka yi?