Zamanin Aikin Tilas

Tarihin sarautar da ta cika shekara 100 a ƙasar Nijar ba ya kammala sai an ambaci aikin tilas, domin ta ƙofar fada ya riƙa shiga gidajen talakawa.

A shekarar 1912 Faransawa suka tsara dokar da ta wajabta wa kowane baligi mai lafiya a Afirka ta Yamma aikin wasu kwanaki a shekara, ba tare da ko anini ba. Kwamandan ne ke yanka adadin mutane, sarki ya raba wa masu gari, su kuma su bi gida gida. Wanda ya ƙi, a ɗaure shi ba shari'a. Sarkin da ya kasa cika adadi, rawaninsa na cikin haɗari. Wanda ya cika kuwa, ya sha zargin jama'arsa.

Inda abin ya fi muni shi ne manyan gonakin Turawa. A Kodibuwa, an riƙa kwaso Mosawa daga Haute-Volta domin noman koko da kofi. Neman waɗannan hannuwa na cikin dalilan da suka sa aka rushe Haute-Volta a 1932, aka haɗa Dori da Fada N'Gurma da Nijar har zuwa 1947. A 1932 ɗin ne kuma aka kafa Office du Niger a Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, inda aka tilasta wa dubban mutane gina madatsar Markala da noman auduga da shinkafa.

A Nijar, nauyin ya faɗa kan sharar hanyoyi, da dakon kaya, da gine-ginen gwamnati, musamman bayan an mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Hausawa na cewa tilas ba ta rasa ɗakin kwana, amma magidanta da dama a kudu sun gwammace su tsallaka iyaka zuwa Katsina da Daura da Sakkwato.

Ranar 11 ga Afrilu 1946 aka kafa dokar da ke ɗauke da sunan Félix Houphouët-Boigny, wadda ta haramta aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Littattafai sun riƙe sunayen gwamnoni da sarakuna. Waɗanda suka ɗauki kwando da gatari, a bakin jikokinsu kawai sunansu ya saura. A wannan biki, su ma suna da haƙƙin addu'a. Allah ya jiƙan magabata, amin.