Saita harshen tsarin kwamfuta zuwa Hausa a Linux

A manhajojin gudanar da kwamfuta dangin Unix, kamar Linux, ana iya tsayar da harshe guda da kowane mai amfani da na'urar zai tarar idan ya kunna ta. Lambar Hausar Nijeriya ita ce ha_NG: ha na nufin Hausa, NG kuma Nijeriya. Tana cikin laburaren glibc, tana aiki da tsarin haruffa na UTF-8, wanda ke ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ.

Tsofaffin sigogin Debian da Ubuntu na ajiye saitin a fayil ɗin /etc/default/locale, Fedora da Arch kuma a /etc/locale.conf. Mai kula da kwamfutocin wata makaranta a Birnin Gwari zai iya rubuta umarnin localectl set-locale LANG=ha_NG.UTF-8, muddin an riga an girka lambar a na'urar. Idan kuma an saita wani saiti mai suna LC_ALL, shi ne ke rinjayar LANG.

Saitin na sauya sunayen ranaku da watanni da alamar kuɗi zuwa ta Naira. Sai dai, abin takaici, duk manhajar da ba a fassara ta ba, da Turanci za ta ci gaba da bayyana, kuma irinsu ne suka fi yawa.