Agajin jin ƙai a jihar Maraɗi

Tun yunwar 2005 birnin Maraɗi ya zama matattarar ƙungiyoyin agaji irin su MSF da PAM, masu yaƙi da tamowar yara. Nauyin ya ƙaru daga 2019, lokacin da dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa gundumomin Gidan Rumji, inda Tibiri take, da Madarunfa, inda Jiratawa take. Hukumar HCR ce ke kula da su. Takunkumin CEDEAO bayan juyin mulkin 2023 ya tsayar da kayan agaji a iyaka, sannan Amurka ta zaftare tallafinta a 2025. Giɓin kuɗin ya fi ciwo da damina, lokacin da hatsi ke ƙarewa a rumbu, zazzaɓin cizon sauro kuma yana kwantar da yara.