Aiki Bauta Ne: Tarihin Wata Magana Mai Harshen Damo

Marigayi kakana na wajen uwa yana da wata magana da yake tashin mu da ita tun da jijjifi in mun je hutun damina ƙauye: "Ku tashi, aiki bauta ne." (Shi "na" yake cewa a madadin "ne", irin ta mutanenmu.) Kirista ne shi, dangin babana kuwa Musulmi, don haka na tashi da kunne ɗaya a majami'a, ɗaya a makarantar allo. Shekara da shekaru ina jin maganar nan ban taɓa juya ta ba, sai da na zo jami'a Yamai, ranar da malaminmu na ilimin ma'ana ya ce kowa ya kawo jimla guda mai ma'ana biyu daga harshensa. Ina cikin rubuta ta a kaye sai gabana ya faɗi. Bauta ita ce abin da mutum ke yi wa Mahaliccinsa. Bauta kuma ita ce abin da bawa ke yi wa ubangidansa, ba ko dala. To wacce tsohon ke nufi? Ya riga ya rasu balle in tambaye shi, shi ya sa na koma tambayar tarihi.

Sawun maganar ya kai ni Jamus. Kafin ƙarni na 16, in an ce Allah ya kira mutum a ƙasashen Turai, galibi ana nufin ya bar harkar duniya ya zama fada ko ya shige gidan masu zuhudu. Manomi da maƙeri ba a kira su ba, cin abinci kawai suke nema. Da Martin Luta ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Jamusanci, Sabon Alkawari a 1522, littafin duka a 1534, sai ya ɗauki kalmar Beruf, wadda tushenta fi'ilin "kira" ne, ya aza ta kan aikin yau da kullum a wani wuri cikin littafin Sirak. Wato mai toya burodi ma kirayayye ne, tanderunsa wurin ibada ne. Wannan lura ba tawa ba ce, ta Maks Weba ce, a dogon rubutunsa na 1904 da 1905 kan ɗabi'ar aiki ta ƴan Furotesta da tasowar jari-hujja. Masana tarihi sun daɗe suna ja da shi, suna cewa attajiran Italiya ƴan Katolika sun iya lissafi da tara dukiya tun ba a haifi Luta ba, kuma ni ina ganin suna da hujja. Amma batun kalmar ya zauna daram. Har gobe in Bajamushe zai cika takarda, gurbin sana'a Beruf aka rubuta. Sai dai a lura, kiran Luta na tsayawa ne inda aka same ka, kamar dai namu na gado: ɗan wanzami ya riƙe aska, ɗan mahauci ya riƙe wuƙa.

Yaya aka yi wannan tunani na manya ya sauko kan yara? A nan sai mu ƙetara Ingila. A 1780, a garin Gulosta, wani mai jarida, Robert Raikes, ya ga yaran da ke aiki a masana'antun fil (ƴar allurar nan mai kai da tela ke kafe yadi da ita) suna cika titi ranar Lahadi da faɗa da ashar. Sai ya ɗauki mata yana biyan su don su koya musu karatu da addini a ranar. A wanke hannu da fuska, a taje kai, a bar zagi, a bar ƙarya. Daga nan makarantar Lahadi ta bazu har ta zo ƙauyen kakana. Ba na raina abin. Yara da yawa da ba su da hanyar ganin harafi a can suka gan shi. Amma ƴan uwa ku tambayi kanku, don me Lahadi? Don sauran kwana shidan na mai masana'anta ne. Ranar hutun yaron aka ɗauka aka koya masa ƙwazo, shi da ke aiki tun safe har dare. Sai a 1833, shekara 53 bayan makarantar Raikes, majalisar Ingila ta hana sa yaro ɗan ƙasa da shekara 9 aiki a mafi yawan masaƙu, ta kuma ce ɗan 9 zuwa 13 kada ya wuce awa 9 a rana. Awa tara fa, shi ne sassaucin!

Akwai ma wadda ta fito fili ba ɓoye-ɓoye. Hannah More, marubuciya mai tsoron Allah da ta fara buɗe irin waɗannan makarantu a yankin Ceda daga 1789, ta yarda a koya wa ƴaƴan talakawa karatu, amma ba ta yarda a koya musu rubutu ba. Mu da muke nazarin harshe mun san abin da wannan ke nufi. Mai karatu yana karɓar magana ne, mai rubutu kuwa yana iya maidawa. Zai iya rubuta ƙara, zai iya rubuta abin da yake bin ubangidansa.

Na Amurka shi ya fi ba ni dariya. Joj Washinton, shugabansu na farko, ya rasu a ƙarshen 1799. Wani fasto mai tallar littattafai, Mason Weems, ya yi maza ya fitar da tarihinsa a 1800. A bugu na biyar, na 1806, sai ga wani sabon labari: wai Joj yana ɗan shekara shida aka ba shi ɗan gatari, ya sassari wani iccen marmari da babansa ke ji da shi, da aka tambaye shi kuma ya amsa laifinsa, uban ya rungume shi don murna. Masana tarihi sun bincika ba su sami wata shaida ba sai bakin Weems, kuma ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne ƙaga shi ya yi. Labarin ya shiga littattafan karatu na McGuffey, waɗanda aka fara bugawa a 1836 aka kuma sayar da fiye da miliyan 100, ya zama da shi ake koya wa yaran ƙasar faɗin gaskiya. An yi ƙarya don a hana yara ƙarya. Mu kan ce ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, amma wannan kam ta yi ƴaƴa har da jikoki.

Daga irin wannan tarbiyya ƴan mishan ɗin da suka zo mana suka fito. Ƙungiyar SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893, ta iso Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru ta kafa gida a Tsibiri kusa da Maraɗi, asibitin Galmi kuma ya buɗe a 1950. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, aikin da likita Walter Miller na Zariya ya ba shekaru masu yawa. To amma ba fili suka tarar ba. Duk kalmar da suka miƙa hannu za su ɗauka, sai su tarar tana da mai ita. Himma, sana'a, tarbiyya, amana, duk daga Larabci suke, sun daɗe a bakin malamai. Amana da imani ma saiwarsu ɗaya a Larabci, ita ce ta laƙabin Al-Amin. Kiristocin Hausa kuwa abin da Musulmi ke kira imani su bangaskiya suke cewa, wato ba da gaskiya. Kun ga ke nan ta kowane ɓangare harshen ya ɗaure riƙon addini da riƙon amana da igiya ɗaya, tun kafin kowa ya hau mumbari. Haka lada: abin da dillali ke karɓa lada ne, abin da mai azumi ke fata ma lada ne. Ita kanta ibada saiwarta ɗaya da kalmar bawa a Larabci. Harshen damon ba kakana ya ƙirƙiro shi ba.

Abin da ya dagula lissafi shi ne zamanin. A lokacin da ake karanta wa yara sura ta 6 ta littafin Misalai, inda aka tura raggo ya je ya ɗauki darasi wurin tururuwa, iyayensu maza suna can suna fasa hanya kyauta. Faransa ta soke bauta a takarda a ƙasashenta na Afirka ta Yamma a 1905, amma ta bar aikin dole: kowane ƙauye ya ba da mutane, kwamanda ya ce, sarki ya aiko dogari, ga lanho kuma a kai. Sai ranar 11 ga Afrilu 1946 aka soke shi, da dokar da ke ɗauke da sunan Hufwet-Bwanyi na Kodibuwa. Mutumin da aka kama ya yi wata yana ɗaukar dutse, ka ce masa aiki bauta ne, ai zai ce ya riga ka sani. Kuma in ya noƙe, ya yi ciwon ƙarya, ya gudu ya ƙetara iyaka, Bature ya rubuta a rahoto cewa baƙar fata raggo ne.

Kakana ya shiga hannun ƴan mishan yana yaro, a wani gida da ba sai na faɗi sunansa ba. Shara, ɗiban ruwa, ban-ruwan lambu, da yamma a koya musu karatun Hausar boko. Ya sha ba mu labarin wata Baturiya da kan bar tamma biyu a ƙarƙashin tabarma ranar da zai share ɗakinta (tamma ita ce faranka guda, biyar ke yin dala). In ya kawo, ta shafa kansa. Wata rana ya gaji, ya ce da ita: "Uwargida, kuɗin ga naki sun cika yawo, ki sama musu gwangwani." Shi dariya yake in yana faɗi. Ni kuwa abin na ci mini rai, don gwaji ne da ke tafiya ta hanya ɗaya. Yaron ba shi da tabarmar da zai ɓoye wa babba wani abu ya ga ko zai maido. Na taɓa ce masa haka. Ya ce, "Kai dai ɗan lakwal ka cika tsurku. Wurinsu na koyi karatu, wurinsu na koyi awon lokaci, kuma abin da sunka ce za su biya ni ba su taɓa rage ko tamma ba." Wannan na ƙarshen shi ne ya fi nanatawa, kuma sai yanzu na gane dalili. Babansa bai taɓa ganin Baturen da ya biya shi ba.

Da ya zo tarbiyyar nasa ɗiyan bai ɓoye kuɗi a tabarma ba. Abin da kowane maigida ke yi a ƙasar Maraɗi shi ya yi, sai dai da wuri. Akwai gandu, gonar gida, inda kowa ke noma hatsin ya shiga rumbun maigida. Akwai kuma gamana, ɗan yankin da ake yanka wa mace ko saurayi, abin da ya fito nasa ne. Mu tun muna shekara tara ya yanka mana, taki goma-goma, muka shuka gujiya. A gandu sai ya yi ta kiran sunana kafin in ɗaga hauya. A gamana kuwa shi ke zuwa ya kore ni in rana ta take.

Kada ku ce labarin gida ne kawai, an ga irinsa a fili a jiharmu. Tony Rinaudo, ɗan mishan daga Ostareliya, ya zo Maraɗi a 1981 yana dashen itatuwa suna mutuwa, har ya gane cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, gyaran tsiro kawai suke so. Lokacin yunwar 1984 an haɗa abin da rabon abinci, mutane suka yi. Da abinci ya ƙare, da yawa suka sare abin da suka raina. Lalaci ne? A'a. Icce a lokacin na gwamnati ne, in ka taɓa wanda ke cikin gonarka ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Da manoma suka tabbata cewa iccen da suka raina nasu ne, su sara su sayar, sai sassaben zamani ya bazu daga maƙwabci zuwa maƙwabci, har ana ƙiyasin ya kai hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Mutanen su ne dai na jiya, Musulminsu da Kiristansu, ba wanda ya sake musu huɗuba.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan duka shi ne ɗan yayata, mai shekara goma. Hutun da ya wuce na same shi ya ƙi yin aikin lakwal, na buɗe baki na fara zuba masa maganar kakanmu. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Kawu, ai yaya na gidan su Inna ya gama jami'a, ga shi kabu-kabu yake." Na ce zafin nema ba ya kawo samu amma himma ba ta ga raggo, na ji da kunnena karin maganar biyu suna faɗa da juna a bakina. Washegari na cire jikka biyu daga ɗan kuɗin tallafin karatuna na saya masa kaza, na ce ƙwai da ƴan tsaki duk nasa ne, ba ruwan kowa.

Shekaranjiya ya karɓi wayar uwarsa ya kira ni. Kazar ta ƙyanƙyashe bakwai, shirwa ta ɗauke biyu, ya yi wa sauran akurki da kansa. Amma uwarsa ta kama ɗaya ta sayar ranar kasuwa ta yi cefane ba ta gaya masa ba, da ya tambaya ta ce muzuru ne. Ƙanwarsa ta tona. Yanzu yana bin uwarsa kuɗin, ita kuma ta ce tun yaushe ɗa ke bin uwa bashi. Sun ce sai na zo hutu in raba shari'ar.