Ciwon kafaɗa mai daɗewa: Yaushe tiyata ke zama dole?

Tsokoki huɗu ne ke kewaye da gaɓar kafaɗa, jijiyoyinsu kuma sun haɗu tamkar ɗamara suna riƙe kan ƙashin damtse a gurbinsa. Idan jijiyoyin suka kumbura ko suka yage, mutum kan ji zafi yayin ɗaga hannu sama, ya kuma kasa kwanciya ta wannan gefen da dare.

Matsalar ta fi kama waɗanda suka haura shekara 40, musamman masu aikin ƙarfi. A garuruwan noma irin su Kucheri da ke Ƙaramar Hukumar Tsafe, huɗa da daka da ɗaukar buhu duk a kan kafaɗa suke ƙarewa. Tunda ba karaya ba ce, ɗauri irin na maɗori ba ya haɗa jijiyar da ta yage.

Hoton ƙashi ba ya nuna jijiya, sai an yi sikanin ko hoton MRI. Matakin farko shi ne gashi da motsa gaɓa da maganin rage zafi, wani lokaci da allura, na tsawon wata uku zuwa shida. Da yawa kan samu sauƙi a nan.

Tiyatar kuwa iri biyu ce. Ta farko ita ce kankare ƙashin da ke saman jijiyar, wadda likita Charles Neer na Amurka ya bayyana a 1972. Sai dai bincike biyu da aka wallafa a 2018, daga Birtaniya da Finland, sun gano cewa amfaninta bai taka kara ya karya ba. Ta biyu ita ce ɗinke jijiyar a jikin ƙashi, kuma ta fi dacewa da wanda jijiyarsa ta tsinke bayan faɗuwa ko haɗarin babur, hannun ya rasa ƙarfi. Irin wannan bai kamata ya yi jinkiri ba.

Bayan ɗinki, hannu kan zauna a rataye mako huɗu zuwa shida, komawa aikin ƙarfi kuma kan ɗauki wata shida ko fiye. Shan taba da ciwon suga na ƙara haɗarin sake yagewa. Don haka manomi na buƙatar tattauna lokacin aikin da likita, domin kada ya rasa damina.

Mazauna Zamfara na iya fara ganin likita a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, idan ta kama kuma a tura su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.