Haruffan Sin da tsarin rubutun Sinanci

Haruffan Sin, waɗanda Sinawa ke kira hanzi, alamomi ne da kowace ɗaya ke wakiltar gaɓa guda ta furuci, galibi tare da ma'anarta. Tsarin rubutun Sinanci kuwa shi ne ƙa'idojin rubuta harshen da waɗannan haruffa: waɗanda aka amince da su, siffarsu, karatunsu, jerinsu da alamomin tsayawa. Sau da yawa akan ɗauke su abu ɗaya, amma sun bambanta, kamar yadda haruffan Larabci suka bambanta da ajamin Hausa.

Haruffan

Mafi daɗewar rubutun Sin da aka tabbatar an same shi ne a jikin ƙasusuwan duba da ƙoƙon kunkuru a Anyang, daga ƙarshen daular Shang, wajen shekara ta 1200 kafin haihuwar Annabi Isa. Yawancin haruffan suna da sashe biyu, ɗaya na nuna ma'ana, ɗaya na nuna furuci. A harafin 媽 (uwa), sashen 女 na nufin mace, 馬 (doki) kuma an kawo shi ne saboda sautinsa, "ma". Ƙamus ɗin Kangxi na 1716 ya tattara haruffa kusan 47,000.

Tsarin

Ba duka haruffan nan ake amfani da su ba. Jerin da gwamnatin Sin ta fitar a 2013 yana da haruffa 8,105, kuma 3,500 daga ciki su ne na yau da kullum. Harafi ma ba lallai ya zama kalma ba: kwamfuta ana rubuta ta da biyu, 电脑, wato "ƙwaƙwalwar lantarki". Daga 1956 ƙasar Sin ta sauƙaƙa siffar haruffa da dama, Singafo ta bi sahu, yayin da Taiwan, Hong Kong da Macau suka riƙe na gargajiya.

A wasu harsuna

Haruffan sun shiga tsare-tsaren da ba na Sinanci ba. Japan na haɗa su da hiragana da katakana, kuma jerinta na 2010 ya ƙunshi guda 2,136. Harafin 山 (dutse) Sinawa na karanta shi "shan", Japanawa kuma "yama" ko "san". Ma'ana ma takan sauya: 手紙 wasiƙa ce a Japan, amma a Sin takardar bayan gida ce. Don haka gane haruffan kaɗai ba ya sa mutum ya iya karanta harshen da aka rubuta da su. Koriya ta koma ga hangul, Biyetnam kuma ga haruffan boko.